Fuskar da Aka Shanya a Taga

Ranar da Fara'a ta fara taka shagon Mai Hatimi, da murmushi ta shiga, kamar yadda take shiga ko'ina, zuciyarta kuwa tana tafarfasa kamar yadda ta saba.

Mahaifinta ne ya aiko ta. Shi mai ɗaukar hoto ne, shagonsa yana bakin babban titi, hatimin da yake bugawa a bayan hotuna kuma ya cinye har ba a iya karanta shi.

Shagon Mai Hatimi ƙarami ne, sai warin tawada da roba. An ɗaura igiya a jikin taga, an shanya takardu a kai, kowace da zanen baƙi da fari: tsuntsaye, kekuna, hannun wata tsohuwa riƙe da allura. Mai Hatimin, wani saurayi, yana sunkuye a kan tebur, yana sarar wani faifan roba da 'yar wuƙa mai baki kamar cokalin da aka matse. Yatsunsa baƙi ƙirin.

Ta yi sallama, ya amsa, ya ɗago. Ta miƙa masa takardar da Baba ya rubuta abin da za a sassaƙa.

Bai karɓa ba. Ya dube ta, ya dubi takardar, ya ce, "Wa ya ɓata miki rai?"

"Ban gane ba."

"Bakinki yana murmushi, amma kin murƙushe takardar nan kamar ita ta yi miki laifi."

Ta duba. Gaskiya ne, takardar ta zama kamar an tauna. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, yau sai ga wani mai baƙin yatsa, wanda ko sunanta bai sani ba, ya yi ta kai tsaye, ko kunya babu.

"Malam, hatimi na zo yi, ba duba ba," ta ce, murmushin yana nan daram.

"Allah ya huci zuciyarki. Ki dawo jibi."

Har ta isa gida tana jera baƙaƙen maganganun da ya kamata a ce ta gaya masa.

Fara'a ba sunanta ba ne na gaskiya, hoto ne ya raɗa mata shi. Tana 'yar shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta rasu. Ba a daɗe ba Baba ya ce hoton da ke gilashin shago ya koɗe, yana son sabo. Ya zaunar da ita a kujera, ya kunna fitilu, ya leƙa kyamara, ya ce, "Yi murmushi, 'yar Baba." Ta yi, domin ta ga hannunsa yana rawa. Ya wanke hoton ƙato, ya goge ɗan tabon da ke girarta ta hagu, ya kafa shi a gilashi yana kallon titi.

Hoton ya karɓu. Iyaye mata suka riƙa jawo 'ya'yansu gaban gilashin suna cewa, "Kin gani? Haka ake fara'a." Daga nan suna ya bi ta. In ta gaji, Fara'a. In kanta yana ciwo, Fara'a. In ƙannenta sun ɓata mata rai, "Haba Fara'a, ke da ba kya fushi." Halin mutane ke nan, in suka ga fuskar da ta yi musu daɗi sai su hana mai ita canzawa. Kullum da safe ita ke goge gilashin nan da hannunta, tana kallon yarinyar da ke washe baki alhali ƙasar kabarin uwarta ko bushewa ba ta gama yi ba, tana jin kamar ta ɗauki dutse.

Da ta koma karɓar hatimin, ya miƙa mata, sannan ya turo mata wani guntun roba da wuƙar nan.

"Me zan yi da wannan?"

"Ki sare shi. Ba ya kuka, ba ya kai ƙara."

Ta so ta ce ya riƙe abinsa, amma hannunta ya riga bakinta. Ta danna wuƙar, ta tura, robar ta tashi a nannaɗe kamar ɓawon lemo. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. Sai da guntun ya yi kaca-kaca sannan ta lura haƙoranta a cije suke, murmushin kuma ya tafi, ba ta san lokacin da ya tafi ba.

"Yauwa," ya ce a hankali. "Yanzu na ga wadda ta shigo shekaranjiya."

"Kai fa ka cika shisshigi."

"An sha gaya min."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta, don ta bar lambarta a takardar aiki:

"Ranar Asabar ina koya wa mutane bugun zane, ƙofa a buɗe take. In kin zo, akwai roba da yawa da ke jiran hukunci. In ba ki zo ba, ba komai, hadari ba ya neman izinin kowa kafin ya haɗu."

Ta rubuta: "Ni ce hadarin?"

Ya amsa: "Ke ce. Ni kuwa ban taɓa gudun ruwa ba."

Ta yi tsaki, ta adana lambarsa da suna Baƙin Yatsa. Ranar Asabar ita ta riga kowa zuwa.

"Abu biyu za ki riƙe, Hadari," ya ce mata. "Abin da kika sare ya tafi ke nan, ba ya dawowa, shi zai fito fari. Abin da kika bari shi zai ɗauki tawada."

Ya nuna mata yadda ake murza tawada da rola har ta riƙa ƙara kamar ana soya abu, yadda ake shafa ta a faifan, a ɗora takarda, a goga bayanta da bayan cokali, sannan a ɗaga daga kusurwa a hankali. A shagon nan ta koyi abubuwa da yawa, ciki har da yin tsaki da ƙarfi. In wuƙa ta zame ta ɓata mata aiki, sai ta huce a kansa. Ta ce tawadarsa ce marar kyau, teburinsa ne yake rawa, numfashinsa ne ya yi yawa.

Wata rana, bayan sauran ɗaliban sun watse, ta tambaye shi, "Wai kai ba ka jin haushi in na yi maka faɗa?"

"Ina ji mana, ni ba dutse ba ne. Amma na san ranar da kika yi min dariya, tawa ce, ba ta gilashi ba."

Ta sunkuyar da kai tana goge rolar da ta riga ta goge.

"Hadarina," ya ce, "ina so in zo in gaida Baba."

"Sai ka wanke hannu tukuna."

"Na wanke. Haka yake."

Dariyar da ta kubuce mata a ranar, ita kanta ba ta san tana da irinta ba.

Baba kuwa ko sauraro bai yi ba.

"Tun da kika fara zuwa shagon yaron nan fuskarki ta canza," ya ce. "Jiya wani ya zo ɗaukar hoton fasfo, ya tambaye ni ko ba ki da lafiya. Namijin da zai koya wa 'yata ɗaure fuska tun tana gidana, in ya kai ta nasa me zai koya mata? Ga Likita nan, mutum mai mutunci, kullum maganarki yake yi."

Likitan Haƙori ke nan, wanda asibitinsa yake tsallaken titi, daidai da shagon hoto. Ba mugu ba ne, kullum fes-fes yana ƙamshi. Sai dai in yana yi mata magana bakinta yake kallo, kuma ba sau ɗaya ba ya ce mata haƙoranta sun fi waɗanda ke cikin littattafan da ya karanta.

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe gidan tun bayan rasuwar, ta sa baki daga inda take ninke kaya: "Ni dai ban ga aibin mai tawada ba. Tawada ce, ba jini ba."

"Yaya, ki bar ni da 'yata." Ya juyo. "Kin ji abin da na ce?"

"To, Baba," in ji Fara'a. Murmushin ya hau fuskarta da kansa, ita kuma ta tsane shi kamar ta cire shi ta taka.

Washegari ta faɗa shagon Mai Hatimi, ta ce, "Ba ni faifan da ya fi kowanne girma. Da madubi."

Bai tambaye ta komai ba. Ya jingina mata madubi a ɗakin baya, ya ajiye wuƙaƙe, ya fita. Abin haushi, ko a gaban madubi sai bakinta ya fara buɗewa, kamar Baba yana bayan gilashin da kyamara. Ta daɗe zaune tana hararar kanta har fuskar ta gaji ta sauka. Sai ga wata mace tana kallonta, gira a haɗe, muƙamuƙi a cije, idanu kamar za su ƙona madubin. Ta zana ta a kan robar, ta kama sara.

Makonni ta yi tana wannan aiki. Ta sare goshi, ta bar duhu a ƙarƙashin idanu. Ta bar bakin a rufe ruf. Da ta zo kan gira, ta danna wuƙa ta fitar da tabon nan da Baba yake gogewa a kowane hoto. Kowace sara da abin da take tunawa: kujerar nan, fitilun nan, "ke da ba kya fushi."

Ranar bugu, ta shafa tawada, ta ɗora takarda, ta goga da cokali har kafaɗarta ta yi tsami. Ta ɗaga kusurwa. Fuskar ta fito a hankali, ta tsaya tana kallonta.

"Tabon ya koma ɗaya gefen," ta ce.

"Bai koma ba. Madubi ya juya ki, bugu ya sake juyo da ke. Wannan ita ce fuskar da na gani ranar da kika shigo."

Ta ƙara duban tabon. Sannan ta ce, "Kada kowa ya gan ta. Ko ɗalibanka. Ka yi min alkawari."

"Na yi alkawari, Hadarina."

Ya rataye ta a ɗakin baya don ta sha iska, domin tawadar mai ce, sai ta yi kwanaki kafin ta bushe.

To, ruwa ya sauko kwana da kwanaki, rufin ɗakin baya ya fara yoyo. Shi kuma Mai Hatimi, tun yana ɗan koyo hannunsa ya saba da abu ɗaya: in ɗakin baya ya yi danshi, a kwashe duk abin da ke igiya a kai igiyar taga, inda iska take ratsawa. Haka ya kwashe su a gurguje, tsuntsaye da kekuna da duk abin da ke rataye, ya jera a taga, ya koma tarar ruwa da bokiti. Bai duba ko ɗaya ba.

Likita ne ya wuce ta wurin, ya ga fuskar Fara'a a taga, ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya kawo wa Baba.

Fara'a tana goge kyamara ta ji muryar Baba kamar tsawa. "Zo ki gani! Fuskar 'yata a shanye a bakin titi kamar tsumma! A murtuke, kamar wadda ake ba wa wahala a gida! Wannan shi ne mutumin da kike so?"

Ta dubi wayar sau ɗaya. Ba ta san yadda ta isa shagon ba.

Mata biyu suna tsaye gaban tagar. Ɗaya tana cewa, "Kai, wannan ko mijinta ne ya yi mata kishiya?" suna dariya. Fara'a ta ratsa su ta shiga, ta fizge takardar daga igiya. Tawadar ba ta bushe ba, ta damalmale mata tafin hannu.

Mai Hatimi ya fito daga ɗakin baya da bokiti a hannu. Da ya ga abin da take riƙe da shi, ya ga igiyar taga, sai bokitin ya kusa suɓuce masa.

"Hadari, wallahi rufin ne, na kwashe su duka ban..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan!" Muryarta ta cika shagon. "Abu ɗaya na roƙe ka, ɗaya tak! Tun ina yarinya nake rataye a gilashi, kowa ya wuce ya kalla ya faɗi abin da ya ga dama. Na zo nan na ce ga inda zan ajiye fuskata ba mai taɓawa. Sai kai ma ka rataye ni! Baba ya rataye dariyata, kai ka rataye fushina, meye bambancinku?"

"Ban yi da gangan ba."

"Shi ma ai bai yi da gangan ba! Ba wanda yake yi min komai da gangan, shi ya sa ba ni da wanda zan riƙe!"

Ta yayyaga takardar, ta watsa masa a tebur, ta fita da hannuwa baƙi ƙirin. Matan nan suka dare suka ba ta hanya.

Saƙonsa ya shigo da la'asar:

"Na karya alkawari. Rufin ya yi yoyo, amma ba rufin ne ya yi miki alkawari ba, ni ne. Na kwance igiyar tagar, ba za a ƙara shanya komai a wurin ba. Faifanki yana cikin aljihun tebur a kulle. Ba zan buga shi ba, ba zan nuna shi ba, naki ne. Ki yi fushi iya son ranki, kina da gaskiya."

Ta karanta, ta kife wayar. Ba ta amsa ba, a ranar, da washegari, da sauran kwanakin da suka biyo. Ta koma goge gilashi, ta koma "to, Baba." Da Asabar ta zagayo, hannunta ya riƙa ƙaiƙayin wuƙa, ta zauna a kansa.

Baba ya ga fili ya samu, ya gayyato Likita gida. Aka zauna a falo, Gwaggo ta kawo shayi ta dire da ƙarfin da ya fi na kawo shayi. Fara'a ta zauna a gefe, murmushi a fuska.

"Ni fa, Baba, murmushin nan ne ya kama ni," in ji Likita yana gyara zama. "Kullum daga tagar ofishina nake hango shi. In Allah ya sa an yi, har na yi tunanin a wanke min irinsa, babba, in sa a ɗakin jiran marasa lafiya. Zai kwantar musu da hankali."

Baba ya yi dariyar jin daɗi. Ya juyo gare ta. "Kin ji ko, Fara'a?"

Ta ji. Ta ji sarai. Ta ajiye kofinta a hankali don kada ta jefa shi.

"Likita, ka san ranar da aka ɗauki hoton nan?"

"A'a."

"Kayan mahaifiyata suna rataye a ɗaki, ƙamshinta bai bar su ba. Da safen ranar na shiga na cusa fuskata a cikinsu na yi kuka har na yi amai. Da rana aka ce in yi murmushi. Shi ne kake so ka kai wa marasa lafiyarka."

"Ke!" in ji Baba.

"A'a, Baba, yau sai na faɗa." Ta miƙe. "Na yi maka murmushin nan ne don na ga hannunka yana rawa, na ji tsoro kai ma za ka tafi ka bar mu. Na ɗauka na rana ɗaya ne. Sai ka kafa shi a titi, ka sa ni ina goge shi kullum. Ba ka taɓa tambayata ko ina kewarta ba. Ko tabon girata ba ka bar min ba, kuma ita ce ta riƙe ni ranar da aka ɗinke shi! Ina jin haushi, Baba. Ina jin haushinka, da na hoton, da na duk wanda ya kira ni Fara'a. Waccan da ka gani a taga, wadda ka ce kamar ana ba ta wahala, ni ce. Ita ce 'yarka."

Likita ya duba agogonsa, ya tuna yana da marar lafiya da ke jiransa, ya sulale. Gwaggo ta share ido da bakin zaninta, ta ce, "Allah na gode maka da na ga wannan rana."

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Fara'a ta tsaya a tsakiyar falo, fushin ya fara sauka, tsoro ya maye gurbinsa. Abin da ta daɗe tana gudu ke nan, ta nuna masa fuskarta ya juya mata baya.

Da safe ya fito da hularsa a kai, ko kallonta bai yi ba. "Wuce ki kai ni shagon yaron nan."

Suka tafi. Tagar shagon fayau take, babu igiya, sai ramukan ƙusa biyu. Mai Hatimi ya miƙe da sauri ya durƙusa ya gaishe shi. Ya rame, ta lura, kuma ta ji haushin kanta da ta lura.

"Ina abin da aka buga fuskar 'yata da shi?" in ji Baba. "Ba ni."

Mai Hatimi ya dubi aljihun tebur, ya dubi ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. Ba nawa ba ne, nata ne. Na riga na yi mata laifi ɗaya a kansa, ba zan ƙara na biyu ba. Sai in ita ta ce."

"Ni kake gaya wa haka? Kai da kake neman 'yata?"

"Na san abin da zai iya jawo min, Baba."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi, amma bai motsa ba. Fara'a ta kalle shi, wani ƙulli da ya kwana biyu a ƙirjinta ya saki.

"Ba shi, Baƙin Yatsa," ta ce.

Ya buɗe, ya miƙa da hannu biyu. Ta ɗauka Baba zai karya shi a gwiwa. Maimakon haka sai ya kai shi bakin taga, ya karkata shi ga haske, yana ƙanƙance ido, yadda ta sha ganin yana yi wa fim kafin ya wanke. Ya bi saran da yatsa, ya tsaya a kan gira.

"A nan ba a gani sosai," ya ce, muryarsa a dushe. "A wanke min shi."

"Bugawa ake yi, Baba."

"To a buga."

Ita ta murza tawadar, ta shafa, ta ɗora takarda. Ta ɗauki cokali, sai Baba ya miƙo hannu. Ta ba shi. Ya sunkuya yana gogawa, a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, hannun nan yana rawa kamar wancan lokacin. Da ya gama ta nuna masa inda zai kama. Ya ɗaga.

Fuskar ta fito masa kaɗan-kaɗan, goshi, gira da tabonta, idanu, rufaffen baki. Ya riƙe takardar ya daɗe.

"Na san wannan fuskar," ya ce. "Ita ce a kyamara kafin in ce ki yi murmushi. Na gan ta, na kasa dannawa. Na ga in na bar ki da ita, ni ma sai na zauna na yi kukan da nake gudu." Ya ɗago ya dube ta. "Na bar ki kin ɗauki kayan da ni ya kamata in ɗauka. Ki yafe min, 'yata."

Ta so ta ce ba komai, bakinta har ya fara shirin murmushi. Sai ta hana shi. "Da komai, Baba," ta ce, hawaye yana zuba. "Amma na yafe."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannu, ya manta da tawada, ya bar baƙin layi daga kunci har kunne. Ya juya ga Mai Hatimi. "Kai kuma, wannan a ina za a shanya ta?"

"A ɗakin baya, Baba. Na gyara rufin."

"Da ka gyara shi tun farko da ba mu sha wannan tafiyar ba. Ka turo manyanka."

A ranar, Baba da kansa ya sauke hoton gilashi. Bai sa wani nata a wurin ba.

Da yamma ta rubuta saƙon da ta daɗe ba ta rubuta ba:

"Ban gama fushi da kai ba."

Ya amsa: "Alhamdu lillahi. Ki rage min na bayan aure, Hadarina."

"Akwai isasshe."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Likita ma ya aiko da kyauta, buroshin haƙori guda biyu a cikin kwali mai ƙyalli, Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Baba ya ƙi yarda wani ya ɗauki hoton ango da amarya. Ya zaunar da su a kujerar nan ta shago, ya kunna fitilu, ya leƙa kyamara. Ango ya ɓoye yatsunsa a cikin hannun riga, amarya ta fizgo su waje. Kowa ya yi shiru yana jiran kalmar da Baba ya shekara da shekaru yana faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerar. Bakinsa ya buɗe, ya rufe.

"Yadda kike ji, 'yata," ya ce. "Haka zan ɗauka."

Ta nemi fushin nan da ta shirya, don ta gwada shi. Ta haɗe gira, ta cije baki. Sai ta hango Baba a bayan kyamara, ido jage-jage, yana jira da gaske. Fuskar ta ƙi tsayawa, kuka da dariya suka kubuce mata tare, shi kuwa ya danna.

Ya wanke hoton da tabon da komai, ya miƙa mata a hannu, ya ce, "Naki ne, ki rataye inda kika ga dama. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa in kun yi fushi ku gaya wa juna tun da rana."

"Amin," in ji Gwaggo da ƙarfi. Ango ma ya ce amin, yana duban amaryarsa, wadda ta riga ta fara hararar sa don ya taka mata gefen riga.